Lambar Sojan Mahaifina

Mahaifina yana da wata ɗabi'a da ta dame ni ina saurayi. In ya idar da sallar asuba sai ya miƙe, ya haɗa dugadugansa, ya karanto wasu lambobi da Turanci, shi da ko gaisuwa bai iya da Turanci ba. Yakan ce lambarsa ce ta soja, wai da ƙafarsa ya je ya ba da kansa lokacin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu. Mutanen garinmu kuwa cewa suke dako ya yi a Legas, ya dawo da tatsuniya. Ni na bi mutanen gari. Wata rana abokaina suka kwana gidanmu, ya yi abin nasa, suka yi ta dariya. Na ce masa, "Baba, don Allah ka daina ba mu kunya." Ban sake jin lambar ba har ya rasu.

Bayan mulki ya dawo hannun farar hula, Abuja ta cika da gine-gine da sababbin motoci, ni kuma na ajiye tuƙin da nake yi a Maitama, na koma ɗakina a Dutse Alhaji. Matata ta rasu, yara sun watse. A zaman kaɗaicin nan maganar sojan mahaifina ta dawo mini. Na shirya na tafi ofishin da ake ajiye takardun tsofaffin sojoji.

Wata ma'aikaciya 'yar Filato ta ba ni kujera. Na faɗa mata sunan mahaifina da garinmu.

"Baba, masu wannan suna za su cika bas uku," ta ce tana dariya. "Wasu ma da sunan aro suka shiga. Lamba nake so. Tsofaffin nan, wani ya manta sunan matarsa, amma lambar tana nan."

"Kullum yakan faɗe ta," na ce.

"To, faɗa mini."

Na buɗe baki. Muryarsa na ji sarai, har yadda yake jan ta ƙarshen, amma biyun farko kawai suka fito. Ta rubuta su, ta jira ni, can ta ajiye biron.

Duk wanda zan tambaya a gida ya riga ya mutu. Yanzu in na idar da asuba nakan miƙe in faɗi biyun nan, in saurara ko sauran za su biyo. Har yau ba su zo ba. In an tambaye ni aikin mahaifina dai, soja nake cewa.