Amin Ɗin Da Na Yi Ƙyashi

Shekarar da aka sami mulkin kai ina malamin asibiti a Tambuwal. Mu Kirista ba mu kai ashirin ba, duk aiki ne ya kawo mu, kuma a zauren gidana muke sujada. Ni ke karatun Littafi kowace Lahadi, domin ni kaɗai nake karantawa ba gargada. Ina ji da wannan matsayi ƙwarai.

Al'adarmu ce ranar Lahadin farko ta sabuwar shekara kowa ya miƙe ya faɗi alkawarin da ya ɗaukar wa Ubangiji, jama'a su ce amin. Daga ƙarfin amin ɗin kake gane yadda maganarka ta shiga. Na miƙe na ce zan ƙara azumi. Aka ce amin sama-sama.

Sai wani leburan hanya ya tashi, mutumin ƙasar Zuru da ya daɗe yana aiki wajen Kebbe har bakinsa ya koma na Sakkwatawa. Ko baƙi ɗaya bai sani ba.

"Shekarag ga karatu nika son koyo," in ji shi. "Baɗi ni ka karanta muku Littafi."

Amin ɗin da aka yi masa har kajin tsakar gida sai da suka watse. Raina ya ɓaci. Don in ƙwace yabon, na sake miƙewa na ce ni zan koya masa. Da bakina na ɗauki aikin horar da wanda zai ture ni.

Duk Asabar yakan taho kan keken aro, ƙafafunsa fututu da jar ƙasa. Ni kuwa yau in ce marasa lafiya sun yi yawa, gobe in ce na gaji. Bai taɓa fushi ba, sai ya zauna ya jira, wannan ma haushi yake ba ni.

Da shekara ta zagayo na zaɓar masa wurin da ya fi wuya, jerin sunayen kakannin nan, wane ya haifi wane. Na zauna ina jiran ya yi tuntuɓe. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a hankali, bai kuskure ko ɗaya ba. Ashe ɗinkin Littafin da na ara masa ya saki a daidai shafin, kullum nan yake buɗewa, shi kuwa nan ya yi ta bita. Da ya gama ya juyo ya ce, "Malam, na gode. Kai ka buɗe min ido."

Kunya ta rufe ni. Da layin faɗin alkawari ya zo kaina na manta da abin da na shirya, na ce a hankali, "Bana zan roƙi Ubangiji ya raba ni da ƙyashi."

Na ɗauka za su yi mamaki. Ba wanda ya yi. Amin ɗin da suka yi ya fi na leburan ƙarfi, kuma muryar matata ce a sama.