Kwabon Rumawa a Maƙogwaron 'Yata

A Sa'alaba muke zaune a lokacin, wata unguwa can a ƙasa mai tsarki, ni da maigidana da mahaifiyarsa Hajiya, da 'yarmu da ba a daɗe da yaye ta ba. Maigidan yana aiki a wani shagon tsofaffin kaya a Balad, cikin tsohon gari. Aikinsa tantance kwabban tagulla na sarakunan Rumawa, waɗanda tsatsa ta mayar kore shar, ya ce wannan kaza ne, wancan kaza ne. Ni kuwa wallahi ko a jikina. In ya fara mini bayaninsu sai in ce tukunyata na kan wuta.

Ran nan ya bi kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a takardun zama, suka tafi Madina, ya bar wasu guda huɗu a ƙaramin faranti kan talabijin, wai in ya dawo zai jera su a gilashi don wani mai saye. Bayan la'asar ina wanke-wanke sai na ji ƙarar faranti a ƙasa. Ina leƙowa na ga yarinyar ta hau matashi, hannunta a baki. Kafin in kai gare ta ta zaro ido, ta yi muƙut. Na sa yatsa na laluba bakin, babu komai.

Ta yi ɗan tari, ta ci gaba da wasanta kamar ba ita ba. Na rarrafa na tsinto uku.

Matsalarmu ita ce yarinyar ba ta da takarda. Ba a kai ga sa ta a iƙamar ubanta ba, wato takardarsa ta izinin zama, kullum kafili sai ya ce gobe. Duk wanda ya zauna a unguwarmu ya san yadda gaban mutum ke faɗuwa in aka ce asibiti alhali takarda ba ta cika ba. Hajiya ta karɓi ukun ta jera a tafinta: babba, mai bi masa, ƙarami.

"Kin gani, 'yar nan? Bi da bi suke, kamar jeren kwanuka. Na huɗun shi ne autansu, bai fi ƙwayar wake ba. A ba ta ayaba, gobe ki duba fo. Halas, shi ke nan."

Maganarta ta shiga kunnena, don abin da nake so in ji ke nan. Amma na ga yarinyar tana ta taɓa wuyanta. Na kira maigidan. Bai ɗauka ba. Na sake kira, ina zaginsa a zuci shi da Rumawan gaba ɗaya, matattun da suka rasa inda za su zubar da kuɗinsu sai ɗakina. Can ya ɗauka, iska na kaɗa wayar.

"Malam, 'yarka ta haɗiye ɗaya daga cikin tarkacenka!"

Ya yi salati. Sai ya ce, "Tana numfashi? To nutsu. Wanne ne babu?"

"Ina na sani? Duk kore ne!"

"Ɗauki mafi nauyi. Ya kusa cika tsakiyar tafinki?"

Na ce ya kusa.

"Sastarsiyas ke nan, wannan ba zai wuce bakinta ba ma. Ajiye shi. Ɗauki ƙaramin, ki je bakin taga. Akwai kan mutum a jiki?"

Kwabon ya suɓuce, na dafe shi da gwiwa. Na juya gaba, na juya baya. Na ce babu mutum, sai wani abu kamar mudu mai ƙafafu, da manyan baƙaƙe biyu a ɗaya gefen.

Na dubi wayar, na ɗauka layi ne ya yanke.

"Malam!"

"Ina ji. Wannan kwadarans ne. Shi ne ƙaraminsu, babu na ƙasa da shi a farantin."

"Hajiya ta ce bi da bi suke."

"Ba bi da bi suke ba. Biyu na tsakiya faɗinsu ɗaya ne, shi ya sa suke rikita mutane. Da suna sababbi ɗaya ruwan ɗorawa ne, ɗaya ja, amma tsatsa ta rufe. Sai dai a duba kan sarkin. Ɗauki na tsakiyan da ya rage, me ya sa a ka? Tsinaye ne tsaye kamar ƙaya, ko ganye ne aka ɗaura masa?"

Na kasa gani. Na tofa yawu na murza da gefen zanina. A hankali suka fito, 'yan tsinaye cirko-cirko bisa kan wani mai kaurin wuya.

"Ƙaya ce."

"Dufandiyas ne a hannunki. Mai ganyen ta haɗiye, shi ake kira as." Muryarsa ta sauya, ban taɓa jin ta haka ba. "Kin ga faɗin wannan? To daidai shi ne a cikinta."

Na durƙusa na ɗaga haɓar yarinyar, na ɗora kwabon a wuyanta. Ya rufe maƙogwaron kaf. Inna lillahi! Sai tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar haihuwarta.

Hajiya ta riga ta ɓare ayabar. Na riƙe hannunta, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

"Hajiya, ki yi mini haƙuri, ba abin da zai bi ta wuyan nan."

"In suka tambayi takarda fa? Kin san abin da za ki jawo wa ɗana?"

A waya ɗan nata yana ta ihu, "Yalla, ku tafi! Ku bar ni da takarda!" Na miƙa mata wayar, na goya yarinya, na zura abaya a kai. Ban kai bakin titi ba na ji takunta a bayana, tana haki, takalmina a hannunta. Ashe ba takalmi na fito.

A tasi yarinyar ta fara dalalar da yawu, ta jiƙa mini kafaɗa. Cunkoso kuwa kamar da gayya. Na yi ta yi wa direban tsawa.

A asibiti mai karɓar marasa lafiya ta ce, "Iƙama?" Na ajiye tawa, na ce yarinyar ba ta da ita. Ta buɗe baki za ta yi magana, na dire mata mai ƙayar a kan tebur, na ce ɗan'uwan wannan ne a wuyan 'yata. Ta dubi kwabon, ta dubi yarinyar, ta tashi da kanta ta kira likita. Maganar takarda ta biyo baya, mun kuwa sha wuyarta, amma ba a ranar ba.

A hoton da suka ɗauka ga shi nan fari fat, ya tokare a gindin wuya. Suka sa ta barci suka zaro shi ta baki. Likitan ya ce wurin ya soma yin rauni, kada a ba ta komai sai ya ce.

Washegari da hantsi ya ce a gwada ta da ruwa. Na ɗebo a ƙaramin cokali na kai bakinta, idona a kan wuyanta. Ta yamutsa fuska, maƙogwaron ya hau, ya sauka. Ta miƙo baki tana son ƙari. Na ba Hajiya cokalin, na zauna a ƙasa na yi ta kuka.