Harsashin Komawa Gida

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Haruna makwancinsa a nan Alƙahira, kuma har yau akwai abu ɗaya da nake cewa ina ma ban yi shi ba: taɓa gajeruwar bindigarsa da na yi ba da saninsa ba.

Ɗan wan mahaifina ne, shi ya koya mini farauta. Mu Hausawan Sudan ne, ƙauyenmu yana kusa da iyakar Habasha, inda a wancan zamani bauna ke shigowa har bakin gonaki. Kowane maharbi a cikinmu yana da doguwar bindiga ta neman nama. Yaya kuma yana da wata gajeruwa, ƙirar maƙerin garinmu, da yake sokewa a ɗamara. Ita wannan ba a ɗura mata ƙananan ƙarafan da ake harbin tsuntsu da su. Dalma guda ce, mai kaurin babban yatsa, a kan albarushi mai yawa. Yana kiranta harsashin komawa gida. Ba a neman nama da shi. Ana ajiye shi ne don ranar da doguwar ta tashi, dabba ba ta faɗi ba, ta juyo kanka.

Wata rana muna zango a daji, ya tafi rafi wanka ya bar ɗamararsa a gindin bishiya. Ina saurayi lokacin, na daɗe ina so in ji yadda take tashi a hannu. Na ga zabi suna kiwo, na ɗauka na saki. Da hayaƙi ya washe sai tsoro ya kama ni, domin a dokar maharbanmu wanda ya taɓa makamin wani ya gama shiga daji da mutane, kuma sunan ya bi shi har gidan surukai. Ba ni da dalma. Na ɗura mata ƙananan ƙarafa daga zabirata, na danna tsumma, na mayar da ita yadda na same ta. Da ya dawo ya tambayi ƙarar da ya ji, na ce tawa ce na harbi zabi da ita.

Washegari muka ci karo da bauna a cikin ciyawa. Ya harbe ta da doguwar, ba ta faɗi ba. Ya zaro gajeruwar, ya tsaya cak har ta matso, domin ya yarda da abin da ke ciki. Ya saki. Ko girgiza kai ba ta yi ba. Ta tsarge masa cinya da ƙaho ta wurgar, kuma ba don karnukanmu sun ɗauke mata hankali ba, da a nan aka gama. Ni na goyo shi har gari. Da Sarkin Baka ya tambaye shi abin da ya faru, yana kwance jini na zuba, ya ce, “Albarushina ne ya sha raɓa.”

Ƙafar ba ta ƙara miƙewa ba. Ya bar daji. Bayan shekaru, neman maganinta ne ya kawo mu Masar, muka zauna, muka kafa teburin turare da carbi a unguwar Darrasa. Ni nake riƙe masa hannu idan za mu hau ƙaramar bas. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a nan sukan zo su zauna mana bayan la'asar, su ce, “Baba Maharbi, a ba mu labarin bauna.” Ya ba su, har da kwaikwayon hucinta, suna ta dariya. Kullum idan ya zo ƙarshe sai ya ce albarushi ne ya sha raɓa. Ni kuwa ina gefe ina zuba shayi, ba na ɗaga kai.

Sai a ciwonsa na ajali na iya buɗe baki. Na ce, “Yaya, akwai maganar da nake bin kaina da ita tun muna gida.”

Ya ce, “Ta zabin nan? Kai Audu, wai ko ɗaya ma ka samu kuwa?”

Na ce ban samu ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce tun da ya ja kunamar ya ji ba ta shure masa hannu ba ya gane, ya tuna ƙarar da ya ji daga rafi. Na tambaye shi abin da ya hana shi faɗa.

“In faɗa a kore ka, in rasa ƙafa in rasa ƙane? Ma'alish, ba komai. Ni ma da na duba ta da safe. Zubo mini ruwa.”

Iyakar abin da ya ce ke nan, bai ƙara tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin nan yanzu. Shekara biyu da suka wuce, lokacin da gari ya rikice mutanen kowace unguwa suka fito tsaron layinsu, wani maƙwabcinmu mai sayar da wake ya zo da ƙaramar bindiga ƙirar hannu, ta aro ce. Yana juya ta yana nuna wa mutane. Na tambaye shi me ke cikinta. Ya ce, “Wallahi ya Hajji ban sani ba, haka aka ba ni.” Na san da Yaya ne zai zaunar da shi da wasa da dariya har ya raba shi da ita. Ni ban iya wannan ba, sai na ba shi labarin bauna da ɗan Larabcina, wannan karon ba raɓa a ciki. Shi ne mutum na farko da ya ji shi daga bakina. Da yamma ya mayar wa mai ita.

Yaya bai bar gadon gida ba, bai bar gona ba. Gajeruwar ma tun a can ya ba maƙeri ya mayar da ita fartanya. Abin da ya bari ni ne. Na yi aure da mutuncina, 'ya'yana sun tashi ba wanda ya taɓa yi musu gori da ubansu, kuma duk wannan da ƙafarsa aka saya. Na gode masa, na gode wa Allah da ya ba ni shi. Allah ya rufa masa asiri a can yadda ya rufa mini a nan.

Roƙona ga mai karatu: abin da wani ya ajiye don tsaron ransa, kada ka taɓa. In kuma ka riga ka taɓa, ka faɗa masa tun kafin ya ɗaura ɗamara. Ni kunyar safiya ɗaya na guje wa, shi ya yi ɗingishi har kabari.