Goggo Darinka Tana Neman Jirgin da Ba Ya Tsayawa a Kotor

In kun taɓa bi ta lungunmu a Kotor da hantsi, kuka ji murya daga saman bene tana cewa a matsa mata daga ƙofar gida, to Goggo Darinka ce, ƙanwar babanmu. Tun tana budurwa take wanki da guga a gidajen mutane. Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, ta binne miji, duk ba ta taɓa kwana a bayan duwatsun nan da suka kewaye garinmu na bakin teku ba. Abin da aka fi saninta da shi kuwa shi ne tsanar manyan jiragen ruwan nan na 'yan yawon buɗe ido. Da jirgi ya yi ƙugi a bakin gaɓa sai ta fara: ga su nan, garken awaki, kowa da lamba manne a ƙirji, suna bin ɗan jagora mai ɗaga lema. Ita da maƙwabciyarta Ozana ba su da hirar da ta wuce wannan in suna shan gahawa.

Da ta cika saba'in, 'yarta da ke Jamus ta ce ta zaɓi kyautar da take so. Sai Goggo ta ja ni ɗaki, ta tura ƙofa, ta ce jirgin take son shiga.

"Ke, rufe bakin nan kar ƙuda ya faɗa," in ji ta. "Ni ma ina so in kwanta a gadon da wani ya gyara, in ci abincin da ban tsaya a kansa ba. Amma in Ozana ta ji, kashina ya bushe. Har in mutu ba za ta daina yi mini dariya ba."

Haka muka nufi ofishin Tripo, mai shirya wa mutane tafiye-tafiye a bakin dandali. Mutum ne mai sanƙo da haƙuri, kuma ranar haƙurin ya ga ta kansa.

"Inna Darinka! Yau ke ce a ofishina?"

"Rage murya, ɗan nan. Ni na wanke maka wando kana rarrafe. Jirgi nake so, amma wanda ba ya tsayawa a Kotor."

Ya nuna mata wani mai tashi daga Sifen. Ta tambaya yaya za ta isa can, ya ce da jirgin sama. Ta ce Allah ya kiyaye, ita ba tsuntsuwa ba ce. Ya nuna mata na ƙasashen arewa, ta ce gwiwarta ya tambaya ko tana son sanyi? Ya juya na'urarsa, ya ce to saura masu tashi daga Italiya su gangara tsibiran Girka, waɗannan mota da ƙaramin jirgi sun isa su kai ta. Fuskarta ta washe. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce kusan dukkansu sai sun biyo ta Kotor.

"Kusan, ka ce. Ina ragowar?"

"Akwai ɗaya, a garin Dubrovnik yake tsayawa."

"Inda ƙanwar marigayi mijina take sayar da kayan saƙa a bakin tasha? Gara Ozana sau goma!"

Na ce, "Goggo, ai ba dole ba ne ki sauka. Ranar da aka tsaya a nan sai ki yi zamanki a ciki."

Ta harare ni. "In zauna ina hangen rufin gidana ban je na duba ko an ba shukokina ruwa ba? Ke dai ba ki da hankali tun kina ƙarama."

Tripo ya goge sanƙonsa da hankici. Ya ce ko za ta jinkirta zuwa hunturu, lokacin da jirage ba sa zuwa mana. Ta ce in ba sa zuwa ai don teku ba ta da daɗi ne, kar ya mai da ita sakarya. Ta kuma tambaya ko zai iya yi wa matuƙin magana ya wuce kawai. Ni dai na kama kaina da hannu biyu. Gahawar da aka kawo mana ta huce, masu jira a bayanmu sun gaji sun tafi.

Muna cikin haka ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara. Ozana ce, ta ja ɗankwali har goshi, ta saka baƙin tabarau kamar mai gudun 'yan sanda. Ba ta lura da mu ba.

"Tripo, batun nan namu, ka samo wanda ba ya tsayawa a..."

Sai idonta ya faɗa kan Goggo.

"Me ya kawo ki nan, munafuka?" in ji Goggo.

"Ke fa, uwar masu zagin awaki? Ciyawa kika zo saye?"

Tripo ya ɗaga hannu sama. "Don Allah, iyayena, ku ji tausayina. Tun bazara ɗayarku take wahalar da ni, yau kun zama biyu. Ga ɗaki mai gado biyu da taga, jirgin kuma a Kotor zai tsaya, ba ni da yadda zan yi. Ku karɓa ko ku bar mini ofis."

Suka kalli juna. Goggo ta ce ita ce a gadon jikin taga, tunda ta girme ta. Ozana ta ce da wata nawa? Suna wannan musu suka sa hannu.

Ranar da jirginsu ya shigo Kotor, ba wadda ta sauko. Sun koma ɓangaren da ke kallon ɗaya gaɓar, sun yi kwance a kujeru. Ni ce dai wayata ba ta huta ba, wannan ta ajiye waccan ta kira, kowacce tana tambayar halin da gidanta yake ciki, don makullan gidaje biyu suka bar mini.