Ruwan da Inna Ta Ba Mai Hoto

Kafin yaƙi ya watsa mu, ni ce mai rubuta labarin ruwa a wata jarida da ke Hartum. Ba gwaninta ce ta ba ni ba, rashin mai so ne. Masu digiri sun raba siyasa da ƙwallo da tsadar kaya a tsakaninsu. Ni da na tsaya a sakandare, ko teburin kaina ba ni da shi, aka ce in riƙa duba ruwa da yanayi da sauran tarkace. Na karɓa. A unguwar Dar Salam na tashi, can bayan Kasuwar Libiya, inda ruwa ba ya zuwa ta famfo sai a kan karo, wato amalanken jaki mai ɗauke da ganga. Wanda ya girma yana kasa kunne ko zai ji mai karo ya buga sanda a jikin ganga, ba sai an koya masa darajar ruwa a jami'a ba.

Na yi rubutu har na gaji. Na rubuta zafin da ke ƙaruwa shekara bayan shekara, da daminar da ta daina zuwa da hankali, sai ta yi shiru kamar ta manta da mu, sannan ta zubo a rana guda ta narkar da gidajen ƙasa. Na je wajen masu yin bulo a bakin Nilu, na je bayan masana'antun unguwar Bahri na shaƙi abin da suke zubarwa. Duk abin da na kawo, editanmu, wanda kowa ke kira Ustaz, sai ya datse masa kai da ƙafa ya cusa shi ƙarƙashin sanarwar ta'aziyya. Shafin farko kuwa ko a mafarki ban taɓa hawansa ba.

Wata damina ambaliya ta kwanta a filin da masu karo ke ɗibar ruwa, ta shiga rijiyar da ke wurin. Ruwan da ake juye mana ya koma kalar kunun tsamiya, ga wani ƙarni. Yaran layinmu suka fara zawo, aka kwantar da jikar Gwaggo, maƙwabciyarmu, a asibiti. Na cika kwalba daga randarmu, na haye gada da ita a jaka, na dire ta a kan teburin Ustaz.

"Ustaz, ga abin da muke sha."

Ya ɗaga ta ya duba ta hasken taga. "'Yata, wannan ko ni sai in ɗebo miki shi a kwatar bayan ofis."

"To taso mu je ka ɗebo a randarmu."

Ofishin ya ɗauki dariya. Ya ce da alƙalamina ya kai bakina kaifi da tuni na ƙwace masa kujera. Amma ya yarda zai haɗa ni da mai hoton jarida. In mai hoto ya gani da idonsa cewa wannan ake sha, ya ɗauko hotonsa a kofi a hannun mutane, to labarina zai hau shafin farko. A garin nan abin da ya hau shafin farko ne kawai ke sa wani babba ya turo tankar ruwa ko ya sa a gyara rijiya. Abin da nake nema ke nan.

Da na koma gida na tarar da Inna tana suyar gyaɗar da take sayarwa a bakin makaranta. Kakanta ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar Makka, ya yada zango a nan, zangon bai ƙare ba har yau. A ƙofar gidanmu tana da randuna a inuwa, sabil, ruwan sadaka ga duk mai wucewa, ladan ya je wa mahaifina. Ko ba mu da na wanka, waɗannan ba sa bushewa.

"Inna, gobe zan zo da mutumin ofis. Don Allah kada ki taɓa ruwan nan. Yadda mai karo ya juye shi, haka nake so a gan shi."

"Namiji ne?"

"Mai hoto ne, Inna. Aiki zai kawo shi."

"Yana cin yaji?"

"Inna! Kin ji abin da na ce game da ruwan?"

"Na ji, ba kurma ba ce ni," ta ce, ta ci gaba da juya gyaɗarta.

Washegari na fita tarbo shi a Kasuwar Libiya. Ya zo a makare, cikin farar jallabiya da takalmin fata, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muna shiga layinmu ƙamshin turaren wuta ya tare mu. An share layin tas, har an jera duwatsu a kan taɓo don baƙo ya taka.

Randunan sabil an wanke su, an turara su, an rufe bakinsu da sabon ƙyalle. Inna na tsaye a bakin ƙofa cikin lulluɓinta na zuwa biki, da kofin silba a hannu har da ƙanƙara a ciki. Mu da ƙanƙara ba ta shiga gidanmu sai da azumi.

"Marhaba da ɗana, marhaba! Sha, ka sha rana."

Ya shanye, ya miƙa aka ƙara masa. "Ma sha Allah, Hajiya! Wallahi ya fi na gidanmu a Bahri daɗi."

Na wuce su na buɗe randar cikin gida. Fari tas, har gindin randar nake gani. Gangar da muke tara ruwa an wanke ta an kife. Na faɗa gidan Gwaggo ba sallama, haka. Gida na gaba, haka. Ashe tun asuba matan layin suke aron shabba a junansu, farin dutsen nan mai kwantar da laka, suna tacewa da mayafi. Mai karo ma an sallame shi da sassafe, an ce kada a ga jakinsa a layin sai bayan la'asar.

Na ja mai hoto zuwa wajen Gwaggo, na ce, "Gwaggo, faɗa masa abin da ya kai jikarki asibiti."

Ta gyara mayafi, ta yi masa murmushi. "Haƙori ne, ɗana. Haƙori take fitarwa."

"Gwaggo, yarinyar da ke zuwa makaranta?"

"Ke, wasu nasu yana makara."

Na ce to mu je rijiyar, ya gani da kansa. Ya leƙa hanyar, ya ga ruwa kwance har gwiwa, ya dubi takalminsa, ya ce Ustaz bai aiko shi iyo ba. Kuma ga shi an shimfiɗa tabarma, an kawo tuwo da miyar kuɓewa da agashe, wato tsiren nan, daga bakin titi. Ya zauna ya ci har yana gumi, ya ɗauki hoton randunan sabil ta kowace kusurwa, ya ɗauki Inna tana miƙa kofi, ya yi godiya ya tafi.

Ko kwanar layin bai sha ba na juyo kanta.

"Inna, me na yi miki? Na roƙe ki!"

"Rage murya, maƙwabta na ji."

"Su ji mana! Ba tare kuka yi ba?"

Ta tattara kwanuka, ba ta ko dube ni ba. "Baƙo ya shigo gidana in ba shi laka? A gidan ubanki?"

"Ba sha zai yi ba, hoto zai ɗauka!"

"Shi ne ma ya fi muni." Sai a lokacin ta ajiye kwanukan. "Mutanen nan Fallata suke kiran mu, sunan rainin da suke yi wa duk mai asali irin namu. In na shiga mota da tiren gyaɗa, mace sai ta janye tufarta. Suna cewa mu ƙazamai ne tun ba su ga cikin randarmu ba. Yanzu ni da hannuna in ɗebo musu shaida, su buga, a karanta daga nan har Bahri?"

"To sai mu ci gaba da sha, yara na zawo."

"Muna sha a cikin gidanmu, asirinmu a rufe."

Na san matar motar da take faɗa, ni ma an janye mini tufa. Amma hakan bai sa na huce ba. Shabba laka kawai take kwantarwa, ba ta kashe ciwo, don haka na kwana ina fatan cikin mai hoto ya ɓaci, ko Ustaz ya gane. Lafiyarsa lau ya zo ofis. Daga baya na ji cewa nasa ruwan dafa shi Inna ta yi, da gawayin da take yi mana rowarsa.

Ustaz ya baza hotunan a kan tebur, ya kira ni.

"Ina kunun da kika ce kuna sha?"

Na yi masa bayanin shabba da mayafi da mai karon da aka kora. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce ya yarda da ni, shi ma uwarsa haka za ta yi, amma ba zai buga abin da hoton jaridarsa ya ƙaryata ba. Na ce a sake turo mai hoto ba tare da sanarwa ba. Ya ce mai hoto ɗaya gare shi, kuma garin nan ba Dar Salam kaɗai ba ne. Ya tura ni bikin dashen itatuwa a wata makaranta.

Hoton Inna ya fito a shafin baya, babba, mai launi, da rubutu a ƙasa kan karamcin mutanen Dar Salam da tsaftar sabil ɗinsu. Labarina bai fito ko a ƙarƙashin ta'aziyya ba. Tanka ba ta zo ba, rijiya kuma sai da rana ta busar da filin don kanta.

Ban kai jaridar gida ba, amma wani mai shago ya kai. Na dawo da yamma na tarar da matan layin cike da tsakar gidanmu, jaridar na yawo daga hannu zuwa hannu. Gwaggo ma tana nan, dawowarta ke nan daga asibiti, da kwanon abincin jinya a gefenta. Inna ta miƙo mini shafin ta ce in karanta musu abin da aka rubuta a ƙasan hoton, tunda ni ce 'yar jarida. Na karanta da sauri, na miƙa mata. Ta ce in sake, a hankali, Gwaggo ba ta ji ba.