Na Riƙa Kai Rahoton Masu Buga Waya a Laimata

A shekarun farko na Shari'a, lokacin da wayar salula ta iso Ƙauran Namoda, ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Na kafa laima da benci kusa da tasha, ina sana'ar buga wa mutane waya. Mutanen Zurmi da Gurbin Ɓore da Kurya duk wurina suke zuwa, kuma da yake yawancinsu ba su iya danna lamba ba, ni ke danna musu in tsaya a gefe. Rashin lafiya, rabon gado, rikicin gona, babu abin da bai ratsa kunnena ba.

Wata rana wani mutum mai fara'a ya zauna a bencina, ya nuna mini kati, ya ce shi jami'in tsaro ne. Ya ce gwamnati na bin diddigin duk kiran da ke fita zuwa Nijar, kuma kowane mai laima an sa shi wannan aiki. In riƙa rubuta masa lamba da sunan mai kira da abin da ya faɗa. Ban musa ba. Ba tsoro kaɗai ya ja ni ba, har da son a ce ni ma wani ne.

Akwai wani dattijo makiyayi daga Jangeru da kan zo kiran ƙanensa a tsallaken iyaka. Rannan yana magana da Fillanci yana surkawa da Hausa, sai na ji ya ce a biyo da su ta daji kafin Alhamis, kada a bi ta shinge. Ba na jin Fillanci, amma na rubuta, har na ƙara da cewa ina zargin makamai ne. A kasuwar Shinkafi aka kama shi. Ashe maruƙa yake nufi. Kafin gaskiya ta fito ya yi wata huɗu a tsare, rani ya cinye rabin garkensa, ya fito yana jan ƙafa.

Bayan ya ɗan murmure ya dawo laimata. Ya kira ni ɗansa, ya ce ya gane wanda ya kai shi: maƙwabcinsa ne da suka taɓa yin cacar baki kan burtali, kuma ya hana iyalinsa ko gaisawa da mutanen gidan. Na danna masa lamba, na tsaya a gefe. Har Allah Ya karɓi abinsa ban buɗe baki ba, kuma na ji 'ya'yansu har yau ba sa ga maciji.

Na gane cewa mai saurare daga gefe rabin zance yake ji, sauran kuma da zato yake cikewa. Yanzu an ce na'ura ke wannan aiki na sauraren kiran mutane, to ita ma ba ta san maraƙi ba. Duk wanda aka ba amanar maganar mutane, ya ji tsoron Allah. Wanda zan roƙa gafara yana kabari.