Laƙar ƙasan teku da na kawo wa mahaifiyata

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe a jami'a, aka zaɓe ni cikin ɗaliban da za su shiga jirgin ruwa na bincike daga Kwatano. Aikin shi ne auna zafin ruwan teku da gishirinsa, da kuma ɗebo laƙa daga can ƙasa. Ni da aka haifa a unguwar Maourey ta Yamai, ruwa mafi girma da na taɓa sani shi ne kogin Isa, shi ma daga saman gada.

Da na gaya wa mahaifiyata, ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsinkar zogalen da take yi.

"Ba ki zuwa," in ji ta.

Na yi ta bayani. Na ce zafin ruwan tekun nan yana da hannu a daminar da muke samu a Nijar. Ta ce, "To ki bar wa masu tekun su auna abinsu." Sai da ƙanen mahaifina ya zo ya sa baki, sannan ta ce in tafi, Allah ya tsare. Ranar tafiyar ba ta raka ni tasha ba.

A kan tekun kuwa, kwanakin farko ban auna komai ba sai nisan da ke tsakanin gadona da bokitin amai. Da na warware na kama aiki. Muna sauke wani ƙarfe mai ɗauke da kwalabe, ya ɗebo ruwa hawa-hawa. Na sama da ɗumi, na can ƙasa kuwa sanyi kamar an fito da shi daga firigo. Daura da inda kogin Isa ke zuba cikin teku, gishirin ruwan sama ya kan ragu. A nan muka soka dogon bututu a ƙasan tekun, ya fito da laƙa mai duhu da santsi. Malaminmu ya bar ni na kwashi ragowar da aka kankare a ɗan gwangwani.

Da na dawo Yamai, na kawo mata tsaraba: kwalbar ruwan teku da gwangwanin nan. Ta ɗanɗana ruwan ta tofar.

"Wannan ko miyar sabuwar amarya ba ta kai shi gishiri ba!"

Muka yi dariya. Sai ta buɗe gwangwanin, ta murza laƙar tsakanin yatsunta, ta tambaye ni daga ina. Na ce kogi ne ke kwaso ta sannu-sannu, ya kai ta teku, ta kwanta.

"Wane kogi?"

"Namu, Inna. Isa."

Ta dubi laƙar da ke yatsunta. Can ta ce, "Ɗiyata, ina da ƙane. Kafin in yi aure ya je wanka bakin kogi da abokansa. Takalmansa kawai aka kawo mana. Masunta sun yi ta nema, ba a same shi ba." Ta sake duba yatsunta. "Kullum ina tunanin ruwan nan ba shi da inda yake tsayawa. Ashe yana da masauki."

Ban taɓa jin labarin wannan kawu ba. Na buɗe baki zan ce mata nisan ya yi yawa, ba lallai ba ne ruwan ya kai shi can, sai na ga ba tambayata take yi ba. Na rufe bakina.

Washegari ta haƙa ɗan rami a gindin bishiyar lemun tsakar gidanmu, ta juye laƙar, ta rufe, ta yi wa ƙanen nata addu'a da sunansa. Daga nan ta wanke hannu ta ɗora tukunya.

Na koma teku sau da yawa bayan haka, kuma ba ta sake hana ni ba. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda na yi makonni ina jin haushinta, ina ɗauka ba ta gane karatuna ba ne, alhali ko sau ɗaya ban tambaye ta me take tsoro ba. Yanzu in babba ya ce mini a'a, kafin in fara bayani sai in jawo tabarma in zauna tukuna.